Kafin da Likita Ya Hana

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Habiba, ɗinki nake yi a unguwar Mamobi, kuma labarin da zan ba ku na jinyar mahaifiyata ne, Mma Dije, wadda na yi da hannuna, na kusa kai ta kabari da hannun nan ina ganin biyayya nake yi. Matan makarantarmu ta ran Asabar sun matsa mini in rubuta, wai ko wata za ta tsira. To ga shi. Wadda za ta yi dariya ta yi, ni ma da a kan wata ya faru da na dara.

Duk wanda ya san rumfunan goro na unguwar Nima a shekarun tamanin ya san Mma Dije. Ba yawan kaya gare ta ba, harshenta ake nema. In mota ta sauke huhun goro daga daji, ba a yin ciniki sai an kira ta. Ta ɗauki ɗaya, ta ɓare, ta gatsa, ta tauna tana lumshe ido, sannan ta yanke hukunci: wannan zai kai Kano lafiya, wancan sangara ta shige shi, ƙwaron goro ke nan, kwana goma ba zai yi ba. Haka take yi daga hantsi har la'asar, huhu bayan huhu, kuma ba ta tofarwa, wai ɓarna ce. Amma ka kuskura ka ce mata mai cin goro, sai ta harare ka. "Ni ba na cin goro, ɗanɗanawa nake yi." Tonanci, yaren Asante, ta iya shi kamar a Kumasi aka haife ta, saboda hulɗa da manoma. Turanci kuwa ko na roƙon ruwa babu. Ni ce baturiyar gidan, da ajina shida na firamare. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana Habiba, sai Uwata.

Makon farko abin ya fara kamar wasa. Hannunta ya soma rawa, in ta ɗauki ƙoƙon koko sai ya zuba a zani. Da safe in na je gaishe ta sai in tarar da idonta jawur, ta ce ba ta runtsa ba. Ta zama mai faɗa, ita da ko kaza ba ta tsawata wa. Ran Laraba maƙwabciyar rumfarta ta faɗo shagona mayafi a hannu, ta ce Mma ta zauna a kan huhu ta kasa tashi. Na iske ta ta dafe ƙirji, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta kamo hannuna ta ɗora a wurin. Wallahi ban taɓa jin zuciyar ɗan adam tana haka ba. Ta yi gudu kamar keken ɗinkina, ta tsaya cak, ta sake ɗauka. Gabana ya faɗi, na ce yau uwata za ta mutu a kasuwa.

Washegari muna idar da sallar asuba muka hau trotro, motar haya, zuwa asibiti. Layin yankan kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita daban, duk a kan benci ɗaya mai ƙusa. Sai bayan azahar aka kira mu. Likitan wani siriri ne mai tabarau, ba ya jin Hausa. Ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya saurari ƙirjinta, ya sa ta buɗe baki, ya girgiza kai. Daga nan ya kama Turanci kamar rediyo. Ni da nake taƙama, kalma biyu kacal na tsinta, zuciya da jini. Sai nas ɗin da ke tsaye, wata Batoniya, 'yar Asante, mai Hausar kasuwa, ta shiga fassara.

"Mma, jini ya hau sama. Zuciya ya gudu da yawa. Ka sha magani, ka ci abinci. Amma kafin, babu. Ka ji? Kafin babu sam sam."

Likita ya ɗaga yatsa ya maimaita a hankali, "No kafin."

Har daɗi na ji, na ce ashe bawan Allah ya iya 'yar Hausa. Na gane sarai, a ganina: kada ta sa komai a baki kafin abinci, komai sai bayan ta ci. Ban tambaya kafin me ba. Me zan tambaya? Kalmar da na tashi da ita a baki tun ina rarrafe? Nas ta miƙo mini takarda ta ce in je taga in karɓo magani, Mma ta tsaya a ciki tana gyara ɗaurin zani. Layin taga ya cinye ni. Da na dawo na same ta a benci a waje, ta ja mayafi ta rufe baki. Na ɗauka gajiya ce. A cikin mota na yi mata bayanin dokar likita dalla-dalla. Ta dube ni, ta dubi titi, ta ce, "To."

Mako na biyu na ɗauko ta na dawo da ita ɗakina, na hana ta kasuwa, shago kuma na mai da shi na rabin yini. Ni mace ce mai kafiya, duk Mamobi an sani, in na riƙe doka ko soja albarka. Kwana biyu da zaman gida sai ciwon kai ya kama ta, irin wanda ban taɓa gani ba. Ta ɗaure kai da ɗankwali har jijiya ta fito, ba ta son haske, ba ta son motsi, ta yi amai sau biyu. Yanzu na san jikinta ne ke neman abin da ya saba da shi, kuma da mun daure kwanaki kaɗan da ya wuce. A lokacin ban sani ba, kuka kawai nake yi a bayan gida.

Sai ga Kawu Idi, ƙaninta, direba ne a tashar Circle. Ya zo da ƙwayar nan fara da muke kira Efisi, wadda direbobi ke haɗiya don ciwon kai da gyangyaɗi, da 'yar butarsa ta ataya, shayin nan da ake tafasawa har ya yi baƙi ya yi kauri.

"Yaya, kurɓa ɗaya kanki zai buɗe," in ji shi.

Na tare shi a ƙofa. "Kawu, a yi haƙuri. Likita ya hana kafin. Bari ta ci tuwo tukuna."

Ya ce ai maganar likita ita ce magana, ya zauna ya jira. Na lallaɓa ta ta yi loma biyar. Sannan ya ba ta Efisi biyu, ya bi da ataya kofi uku. Ba a yi awa ɗaya ba Mma ta kwance ɗankwali, ta zauna, ta ce a miƙo mata carbi. Har ƙasa na durƙusa na yi wa Kawu godiya. Na roƙe shi ya riƙa zuwa safe da yamma, kuma bai taɓa fashi ba.

Masu dubiya ma ba su fasa ba, Allah ya saka musu. Amma me za ka kawo wa uwar goro in ba goro ba? Kowacce ta shigo sai ta kwance bakin zani ta ajiye biyu, ta ajiye uku, fari da ja, har na cika kwano na rufe da jiƙaƙƙen tsumma. 'Yan rumfa kuma da suka ga ciniki na tsaya musu, sai suka fara biyo ta gida da samfur. "Mma, ɗan taɓa mana wannan." Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa da ɗinkina, duk wanda ya zo da hantsi sai in ce ya koma, Mma ba ta ci na rana ba. Bayan azahar in buɗe musu ƙofa su shiga layi. Ina alfahari da kaina, wallahi, ina cewa ba 'yar da ta kai ni iya jinya.

Mako na uku ciwon kai ya tafi, sauran duk suka ƙaru. Gudun zuciyar da ke zuwa sau ɗaya ya koma sau uku, sau huɗu a yini. Cikinta ya kama zafi kamar ta haɗiye barkono. Ta rame, zobenta ya fara zamewa. In aka buga ƙofa sai ta zabura. Wani lokaci ta riƙe ni ta ce, "Uwata, tsoro nake ji," in ce tsoron me, ta ce ba ta sani ba. Nan fa dangi suka buɗe baki. Wannan ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Waccan ta ce hannun maƙiya ne daga kasuwa, a nemo rubutu. Wani ya ce tafarnuwa da zuma. Duk na yi, na sayar da atamfata biyu da ban taɓa ɗinkawa ba, kuma duk abin da aka kawo sai bayan abinci nake ba ta. Wadda ba ta ba da shawara ba ita ce maƙwabciyarmu Kirista, asalin 'yar garin nan, Ankara. Ita kullum romon kifi take kawowa, ta ajiye, ta shafa kan Mma, ta fita. Cikin mu duka ita kaɗai ce ba ta cuce ta ba.

Mako na huɗu muka koma asibiti. Layin nan dai, bencin nan dai, amma likita wani ne daban. Ya yi awo ya ɓata fuska, jini ya wuce na da. Ya duba kati, ya ɗago ya tambaye ni, "Kafin?"

Na miƙe tsaye don ya ga da gaske nake. "No kafin, dokta. Ko sau ɗaya."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ƙara rubuta wata ƙwaya. Mma tana kallon yatsun ƙafarta. A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Na san mutane sun yi musu yawa, na ga layin da idona. Amma a bakin ƙofar asibitin nan akwai mai tallan goro. Da wani ya ɗauko ɗaya ya nuna mini ya ce wannan, da magana ta ƙare a minti ɗaya.

Mako na biyar, ran Lahadi da hantsi, ta sha koko da ƙosai, na ba ta magani, Kawu ya zuba mata ataya, ta ɗauki goro a kwano. Ta tashi za ta yi alwala. Ina cikin ɗaki na ji buta ta faɗi. Na fito na ga Mma a jingine da bango tana zamewa ƙasa a hankali, bakinta ya karkace gefe, tana kallona tana son magana, sauti kawai ke fita. Ban san lokacin da muka sa ta a motar Kawu ba. Abin da na tuna, ina riƙe da hannunta na hagu, na matsa, na sake matsawa, bai matsa nawa ba.

Aka ba ta gado. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kwana biyu ba ta haɗiyar komai. Rana ta uku ta fara karɓar koko a cokali, murna ta kama ni, na koma gida na haɗo kayan jinyata gaba ɗaya: ataya a flas, goro a jiƙaƙƙen tsumma, Efisi a ƙulle a bakin mayafi. Ina ba ta koko sai wata nas ta zo duba ta, Sista Fati, 'yar unguwar Kanda, Bahaushiya ce mai Hausa tsantsa. Hancinta ya kai ga flas ɗin.

"Yaya, me ke cikin nan?"

"Ataya ce. Kada ki damu, ba yanzu za ta sha ba, sai ta gama koko. Likita ya hana kafin."

Ta tsaya tana kallona. "Kafin me?"

"Kafin abinci mana."

Ba ta yi dariya ba, kuma har in mutu ina gode mata da wannan. Ta ɗauko kati ta karanta, ta zauna a bakin gado, abin da ban taɓa ganin nas ta yi ba. Ta ce in fito da duk abin da nake ba Mma. Na fito da su. Ta jera a kan zanen gado, flas, goro, ƙwaya.

"Yaya Habiba, kafin ɗin da likita ya faɗa ba namu ba ne. Sunan wani abu ne da Turanci. Yana cikin kofi, yana cikin shayi." Ta taɓa flas. "Ga shi nan." Ta taɓa goro. "Ga shi nan." Ta taɓa Efisi. "Har nan an sa shi. Shi ke korar barci, shi ke sa hannu rawa, shi ke sa zuciya gudu. Mai lafiya in ya taɓa kaɗan ba komai. Amma mai hawan jini da zuciya irin ta Mma, cewa aka yi kada ya shiga bakinta ko kaɗan, ko kafin abinci ko bayansa. Tun yaushe kike ba ta?"

Kunnena ya toshe. Ina ganin bakinta na motsi, ba na jin komai. Mako huɗu. Safe da yamma. Da hannuna, da godiya, da durƙuso. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na fita ina dafa bango, na tsuguna a bakin magudanar ruwa na yi amai har ba abin da ya rage.

Likita ya yi mini adalci, ta bakin Sista Fati. Ya ce hawan jinin Mma tsoho ne, ba zai rantse kafin kaɗai ya kayar da ita ba, amma yana ba da magani muna ba da abin da ke faɗa da maganin. Maganar ba ta sanyaya mini rai ba. Ciwon kan nan ya dawo, Sista Fati ta ce mu daure, ta ba ta wata ƙwaya da ba ta da shi. Bayan mako guda sai ga Mma tana barci da rana tsaka, baki buɗe, har da minshari. Na sa kunne a ƙirjinta, zuciya tana tafiya a natse. Hannun dama ya daina rawa. Na tsaya a kanta ina kuka, don sauƙin da na yi ta nema da kuɗin atamfa, ashe barin kafin kawai yake so.

Mako uku muka yi aka sallame mu. Ƙafa ta dawo da sanda. Magana ta dawo a hankali, tana jan harafi. Hannun hagu bai dawo ba. Harshen da Nima ke bi har gida shi ma bai dawo ba, gishiri da sukari duk ɗaya suke a bakinta. 'Yan rumfa suka zo dubiya sau ɗaya, sau biyu, suka samo wata mai ɗanɗana musu. Kawu Idi wata guda bai tako gidan ba don kunya. Ni kuma labarina ya zaga, har aka laƙaba mini suna Habiba Kafin. Ban yi faɗa da kowa ba, ni da ba a taɓa ni in ƙyale. Gani nake na cancanta.

Don haka, 'yan uwana mata, ku ji. In likita ya faɗi kalma, ko da kun ji ta yi kama da ta gidanku, ku ce ya nuna muku abin a hannu. In mai hawan jini ne ko mai ciwon zuciya kuke jinya, ku tambaya game da goro da shayi da kofi da ƙwayar ciwon kai, ɗaya bayan ɗaya, da sunansu. In ya bari kansa ya yi ciwo, ku koma asibiti ku faɗa, kada ku mayar masa da abin. Mai zuwa dubiya kuma ta kawo lemo.

Saura abu ɗaya, wanda matan makarantarmu ba su sani ba sai yau. Wata huɗu na yi ban iya haɗa ido da Mma ba. Ina yi mata wanka, ina ba ta abinci, kaina a ƙasa. Ran nan bayan la'asar muna zaune a bakin ƙofa ina shafa mata man kaɗanya a hannun da ya mutu, sai na kasa riƙewa. Na zame na durƙusa.

"Mma, ki yafe mini. Ni na ja miki wannan. Jahilcina da taurin kaina."

Ta ɗago kai. Sannan ta fara, kalma ɗaya-ɗaya, yadda bakinta ya iya.

"Ranar farko. Da kika tafi karɓo magani. Nas ta tura ƙofa. Ta yi mini Tonanci."

Hannuna ya tsaya.

"Ta nuna haƙorana. Ta ce bese. Goro ke nan. Da shayi. Ta ce in bari, ko in mutu."

"Mma."

"Na fito ina tunani. In ba harshena, ni wace ce a Nima? Sai ga ki a mota kina cewa bayan abinci, bayan abinci. Na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Na ce to."

"Mako huɗu, Mma. Kina kallona ina korar mutane da hantsi."

"Ina kallonki."

"Wata huɗu ana kirana Habiba Kafin. Ina cewa ni na kashe miki hannu."

"Na sani. Kunya ta hana ni." Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace. "Tashi, Uwata. Ni zan roƙe ki. Kin yafe mini?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, haushi ne ya fara zuwa. Na so in yi ihu duk Mamobi ta ji. Na dube ta, tsohuwa da sanda, hannu ɗaya a cinyata yana ƙyallin mai, ɗayan yana lalube bakin zani inda ta saba ƙulle goro, ba komai a wurin. Na rufe gwangwanin man kaɗanya.

"Ki ci abinci tukuna, Mma."

Na shiga na zubo mata tuwo, na zauna ina ba ta loma-loma. Sai da ta cinye, na wanke mata hannu, na share mata baki, sannan na ce na yafe.